Tambayi Likita: Ina Aka Kwana Game da Cutar Ƙanjamau?

Tambaya daga wani malamin makaranta a Maraɗi: Likita, a da kullum sai an yi maganar sida a rediyo, yanzu kuwa shiru kake ji. Ko cutar ta kau ne?

Amsa: Malam, ba ta kau ba, kisanta ne ya ragu. Alƙaluman UNAIDS, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da cutar, sun nuna cewa a 2023 kimanin mutum miliyan 39.9 ne ke ɗauke da ƙwayar HIV, kuma mutum 630,000 suka rasu, alhali a 2004 mamatan sun kai kimanin miliyan 2. Masu ɗauke da ita suna ƙaruwa ne saboda magani yana tsawaita rayuwarsu, domin fiye da mutum miliyan 30 suna shan sa. Abin da ke damuna shi ne har yanzu mutum miliyan 1.3 suna kamuwa a shekara, kuma yayin da adadin ke sauka a Afirka kudu da Sahara, hawa yake yi a Gabashin Turai, Tsakiyar Asiya, Latin Amurka, Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka.

Tambaya daga wata mai juna biyu a Zariya: An gano ina da cutar a wajen awon ciki. Shin dole ne jaririna ya kamu?

Amsa: Malama, Allah ya raba lafiya. Ba dole ba ne. Idan ba a yi komai ba, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 sukan ɗauka a ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono, amma idan uwa ta dage da shan magani kullum, aka kuma ba jaririn nasa maganin bayan haihuwa, haɗarin yakan sauka ƙasa da 5 cikin 100. Ki fara yanzu, ki haihu a asibiti, kuma ki lallaba maigida a gwada shi, ko da kuwa yana jin ƙalau, domin ƙwayar takan yi shekaru a jiki ba tare da wata alama ba.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: Da gaske ne an samo allurar rigakafi?

Amsa: Ɗana, maganin kariya ne mai suna lenacapavir, wanda ake yi wa marar cutar sau biyu a shekara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2025. Ba ya warkarwa, kuma idan aka daina karɓa, kariyar takan gushe.