Amsa ga mai tambayar jirgin leƙen asirin Jamus mai shan gas

Malam, ka tambaya wai da gaske ne a yaƙin duniya na biyu Jamus ta yi jirgin leƙen asiri mai shan dizal da ba a iya kakkaɓo shi? To rabi gaskiya rabi ƙari. Ni dai makaniken janareto ne, na fi shekara 20 hannuna cikin baƙin mai, kuma injin jirgin nan ne ma ya ja ni na fara bin tarihinsa tun ina yaron gareji.

Sunansa Junkers Ju 86P, ya fara tashi a 1940, daga baya aka yi Ju 86R mai fiffike mita 32. Injinsa Jumo 207, gas yake sha kamar tirela, silinda 6 amma fistin 12, biyu-biyu a kowace silinda suna tunkarar juna kamar raguna, karanshaf ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ba hed ba bawul. Wlh ranar da na fara ganin zanensa sai da na ajiye sifana na zauna, don ni a sanina in ba hed ai ba inji.

Amma fa ba gas ɗin ne sirrin ba. Duk wanda ya taɓa hawa Mambila da tsohuwar mota ya san yadda take shaƙewa tana baƙin hayaƙi, iska ce ta yi ƙaranci, to wannan ko mita 2,000 ba ka kai ba, shi kuwa jirgin nan sama da mita 12,000 yake yawo. Turbo suka sa masa yana ɗura wa injin iska, sannan mutum biyun da ke ciki aka rufe su ruf a ɗaki mai matsin iska kamar suna mita 3,000. Da farko ko bindiga ba su ɗora masa ba, kyamara kawai, tunda wa zai iso wurin?

Rundunar Theodor Rowehl, wani hafsan sojan saman Jamus, ta yi ta shawagi da shi kan Tarayyar Sobiyet tana ɗaukar hotunan filayen jirage kafin harin da Jamus ta kai mata a Yunin 1941. A 1942 kuma daga tsibirin Kirit na Girka suke tasowa su leƙa Iskandariya da mashigin Suwez a Masar, Turawan Ingila na kallon farin layi a sama sai cizon yatsa. Har bam suka riƙa ɗora wa samfurin R, guda ɗaya tak mai kilo 250, irinsa ne ya faɗa birnin Biristol na Ingila ranar 28 ga Agusta 1942 kan motocin bas ya kashe sama da mutum 40.

Inda zancen "ba a iya taɓa shi" ya rushe kenan. A Abukir ta Masar makanikan sojan Ingila suka kama Spitfire, wato jirgin yaƙinsu, suka yi mata zigidir, sulke waje, bindigogi aka bar biyu, duk abin da ke da nauyi aka kwance, har ta fara iso shi a watan Agustan nan. Aikin gareji ne zalla, shi ya sa nake son wannan ɓangaren. A Ingila ma haka, ranar 12 ga Satumba 1942 matuƙin Spitfire Emanuel Galitzine ya riski Ju 86R a saman Sawuthamtin wajen mita 13,000, sai bindigarsa ɗaya ta cije, duk harbin da ya yi sai jirginsa ya karkace gefe, harsashi ɗaya kawai ya samu fiffike. Jamusawan sun tsira sun sauka a Faransa, amma daga nan suka daina kai bam Ingila da shi, don jirgi ne mai nawa, in aka iso tsayinsa ba shi da wata dabara.

Erich Sommer da ke cikin Ju 86R ɗin a ranar shi ne kuma ya tuƙa Arado Ar 234 mai injin jet ya ɗauko hoton Nomandi ta Faransa ranar 2 ga Agusta 1944, wannan karon gudu ne kariyarsa, ba wanda ya tare shi. In kana son zanen fistin ɗin nan yi magana in turo, yana nan a wayata.