Hular NY da filin da aka karɓe wa yaran unguwa

Tambaya daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maradi: Hular nan mai tambarin NY da samari ke sakawa, an ce ta wata ƙungiyar wasa ce a Amurka, kuma wai a kan wurin shaƙatawar jama'a aka gina filinta. Gaskiya ne?

Amsa: Gaskiya ne, Malam. Hular ta ƙungiyar Yankees ce, masu wasan besbol, wanda ake jefo ƙaramar ƙwallo a doke ta da kulki a zagaya da gudu. Filinsu yana Bronx a birnin New York, kusa da kogin Harlem.

Wurin shaƙatawar kuwa Macombs Dam Park ne, kuma ya girmi filin. An buɗe shi a 1899, sai a 1923 Yankees suka buɗe tsohon filinsu a tsallaken titi, zamanin shahararren ɗan wasansu Babe Ruth. Sama da shekara 80 suna maƙwabtaka: manya na wasan kuɗi can ciki, ƴaƴan talakawa na nasu a waje kyauta.

A 2006 aka fara gina sabon fili, kuma cikin wurin shaƙatawar aka aza harsashi, har da wani yanki na lambun da ke kusa. An sare manyan itatuwa. Mutanen unguwa sun yi ƙorafi, sun kai ƙara, ba su yi nasara ba, sai alkawarin za a musanya musu. Sabon filin ya fara aiki a 2009, an rushe tsohon a 2010, amma filayen da aka yi wa yara a gurbinsa, wato Heritage Field, sai 2012 aka buɗe su. Nan abin yake ci mini rai. Yaron da aka katange wa fili yana ɗan shekara 10, kafin a maido masa ya kai 16.

Abin da aka gina dai yana da kyau, ba zan ɓoye ba. Akwai filayen besbol uku, da hanyar tsere mai mita 400 kewaye da filin ƙwallon ƙafa na ciyawar roba, da wuraren ƙwallon kwando. Hanyar tseren ma a saman garejin motoci aka shimfiɗa ta, dabarar da ta burge ni.

Mu masu aikin tsara gari a nan Maradi mun san irin wannan. Yau yara na buga ƙwallo ba takalmi, duwatsu biyu ne ragarsu, gobe an sauke tifar yashi da bulo. Idan haka ta taso a unguwarku, Malam, ku tafi da mai unguwa ma'aikatar magajin gari ku duba ko takardar rabon filaye ta ware wurin don jama'a. In kuma dole sai an karɓe shi, ku tsaya a kan a ba ku madadinsa a rubuce, kusa da gida, a kammala shi kafin a kafa katanga.