Takardar gwajin DNA ba ta yanke nasaba ita kaɗai

Malam, na karanta saƙonka. Ka ce ka goge cikin kumatun yaronka mai shekara 6 da auduga ba da sanin uwarsa ba, ka aika wani ɗakin gwaji a Legas, sakamako ya dawo cewa ba kai ne ubansa ba. Yanzu kana so ka daina ciyar da shi, ka cire shi daga magada, har uwar ta biya ka abin da ka kashe. Ban ga takardar ba, ban kuma ji ta bakin matarka ba, don haka abin da zan faɗa bayani ne na gaba ɗaya. Amma a fahimtata, haƙƙin da kake ganin ka samu bai zo hannunka ba.

Ba ina raina gwajin ba ne. DNA zare biyu ne a murɗe kamar igiya mai tufka biyu, kuma sinadarai huɗu ne ke jere a jikinsa, ana musu laƙabi da A, T, G da C. Kullum A da T take haɗuwa, G kuma da C. Ɗa yana karɓar rabi daga uwa, rabi daga uba. Masu gwaji suna duba wasu gurabe da gajeren jerin sinadaran ke maimaita kansa, su ƙirga maimaicin, su kwatanta na yaro da na wanda ake zaton uba ne. In aka saɓa a gurabe da yawa, sai su ce babu alaƙa. Ilmin yana da ƙarfi. Rauninsa a gaban alƙali shi ne hannun da samfurin ya bi: wa ya ɗauka, wa ya shaida na yaron ne, wa ya rufe ambulan? Kai ka ɗauka, kai ka aika. Lauyan matarka daga nan zai fara.

Ko da an gyara wannan, babbar matsalar tana gaba. Aurenku na Musulunci ne, saboda haka maganar nasaba, ciyarwa da gado kotun shari'ar Musulunci za ta je, inda ake bin mazhabar Malikiyya. Ƙa'idar a can ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Yaron da aka haifa wata 6 ko fiye bayan tarewa, na mijin ne. Hanyar da miji ke kore shi ita ce li'ani, kamar yadda ya zo a Suratun Nur, aya ta 6 zuwa 9: rantsuwa huɗu, ta biyar da kiran tsinuwa a kansa in ƙarya yake, matar ma ta yi nata, sannan su rabu har abada. Kuma a Malikiyya ana yin sa ne da zarar an san da cikin ko haihuwar. Wanda ya yanka rago, ya raɗa suna, ya yi shekara 6 yana amsa Baba, da wuya ƙwarai alƙali ya buɗe masa wannan ƙofa, ko da yake kowace shari'a da yanayinta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya da ke Makka, ita ma a 2002, ta yanke cewa ba a kore nasaba da gwajin DNA, ba a kuma gabatar da shi a kan li'ani.

Wanda ya ce maka babbar kotu za ta fi sauƙi bai gaya maka duka ba. Sashe na 165 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana ɗaukar yaron da aka haifa cikin aure a matsayin ɗan mijin. Sashe na 63 na Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ya ba kotu damar umartar gwaji, to amma kotu ce ke umarta, kuma kowace jiha da tata dokar yaran. Sai lauyan jiharku ya duba.

Kafin nan, kada ka tsayar da ciyarwa, domin za ta iya kai ka ƙara kuma mai yiwuwa ta yi nasara. Batun mayar maka da kuɗi ban ga inda zai ɓulle ba. Ka kuma riƙe bakinka: jifan matar aure da zina ba tare da shaidu huɗu ba ƙazafi ne, haddinsa bulala 80, kuma tura takardar a WhatsApp na dangi zai iya zama hujja a kanka.

Shawarata, a zauna da waliyyinta, da babba ɗaya daga gidanku, da malami masanin fiƙihu, a rufe ƙofa. In ta yarda, a sake gwajin a wani wurin daban, ma'aikaci ya ɗauki samfurin ku ukun a gaban shaidu. In zaman ya gagara, saki yana hannunka, amma shi ma ba ya sauke maka ciyar da yaron. Ka kai wa lauya takardar aure, ta haihuwa da sakamakon gwajin kafin ka sa hannu a kan komai.