Tambaya da Amsa: Me ya haɗa ɗan Damagaram da tsaron teku?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou ta Damagaram, ina shekarar ƙarshe ta lisans a fannin nazarin ƙasa. Na ji cewa akwai ma'aikatan gwamnati da aikinsu shi ne nazarin bayanan sirri kan barazanar da ke tasowa a teku, kuma abin ya kwanta mini a rai. Da na faɗa wa kawuna, wanda ke sayar da shinkafa da man girki a kasuwar Dole, sai ya yi dariya, ya ce wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafki ba, ina shi ina teku. Mene ne ainihin wannan aiki, kuma yana da amfani ga ƙasar da ba ta da gaɓar teku?
Daga wani ɗalibi, unguwar Birni.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Ka gaishe mini da kawu, ka kuma gaya masa cikin ladabi cewa shinkafar waje da ke jibge a rumfarsa ta riga shi ganin teku, domin daga jirgin ruwa aka sauke ta a wata tasha irin ta Kwatano ko Lome kafin ta hau tirela. Duk lokacin da 'yan fashi suka matsa wa jiragen ruwa, kamfanonin inshora kan ƙara kuɗi, masu jirage su ƙara nasu, har ƙarin ya iso kan tiyar da ake auna wa mai iyali. Ban da wannan, tun 2024 ɗanyen man Agadem ke bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa Seme a ƙasar Benin, inda ake loda shi a jiragen dakon mai. Ƙasar da dukiyarta ke fita ta ruwa, abincinta kuma ke shigowa ta ruwa, ba za ta ce ba ruwanta da teku ba. Shi ya sa bayan yarjejeniyar Yawunde ta 2013 kan tsaron teku, da aka raba mashigin tekun Gini shiyya-shiyya, aka sa Nijar tare da Najeriya da Benin da Togo a shiyyar da cibiyarta ke Kwatano.

Game da aikin kansa, ka cire daga ranka hoton jami'i riƙe da bindiga a cikin kwale-kwale. Manazarci a ofis yake wuni, gabansa kwamfuta da taswira, kuma babban abin da yake kallo shi ne saƙon wata na'ura da ake kira AIS, wadda dokar duniya ta wajabta wa manyan jiragen da ke zirga-zirga tsakanin ƙasashe, tana sanar da sunan jirgi da inda yake da saurinsa da inda ya dosa. Bari in ba ka misali. A ce jirgin dakon mai ya tashi daga Lome da magariba, da ƙarfe biyun dare alamarsa ta ɓace daga allo, ba ta sake bayyana ba sai bayan kwana biyu, kuma ga shi ya ƙara nutsewa cikin ruwa, alamar ya ɗauki kaya. Mai gaggawa zai ce an kama ɓarawo. Manazarci kuwa zai tuna cewa na'ura na iya lalacewa, kyaftin na iya kashe ta da gangan don tsoron 'yan fashi, haka kuma ana iya kashe ta domin a juye man sata daga wani jirgi a tsakiyar teku. Sai ya nemo hoton tauraron ɗan'adam na wannan dare, ya duba ko akwai wani jirgi a gefensa, ya binciki mamallakin jirgin da sau nawa ya canza suna ko tuta, sannan ya gwada da abin da jami'an tashar jiragen suka rubuta.

Bayan wannan wahala duka, abin da zai miƙa wa shugabanninsa sau da yawa bai wuce shafi guda ba, kuma a nan ne ake bambance gwani da ɗan koyo. Dole ya raba abin da ya tabbatar da abin da yake zato, ya faɗi ƙarfin zaton nasa, ko da maigidansa ya fi son jin wata magana dabam. A ganina wannan ya fi komai wuya a aikin, domin rahoton da aka yi wa kwaskwarima don faranta ran babba na iya tura jirgin sintiri gabas alhali ɓarnar tana yamma.

Ka kuma san cewa barazanar tana sauya kama. A da satar man da ke cikin jirgi ta fi yawa, daga baya 'yan fashin suka koma sace ma'aikatan jirgi don neman kuɗin fansa. A 2020, cikin ma'aikatan jiragen ruwa 135 da aka sace a duniya, 130 a mashigin tekun Gini aka ɗauke su, sannan a watan Janairun 2021 aka hau jirgin kwantena mai suna Mozart, aka kashe injiniya ɗaya, aka tafi da mutum 15. Hare-haren sun ragu ƙwarai bayan Najeriya ta kafa dokar hukunta fashin teku a 2019, ta kuma zuba jirage da kayan sa ido a 2021. Amma kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba, da safarar makamai, da hodar ibilis da ke tasowa daga Kudancin Amurka ta sauka a gaɓar Afirka ta Yamma ta ratsa Sahel, duk suna nan, kuma wannan na ƙarshe ya shafe mu kai tsaye.

Karatunka na taswira jari ne babba. Ka ƙara da Ingilishi a kan Faransancinka, domin shi ne harshen sadarwar jiragen ruwa, ka kuma karanta yarjejeniyar dokar teku ta 1982, wadda ta ba ƙasa cikakken iko a kan mil 12 na ruwa daga gaɓarta, ta kuma amince wa ƙasashe irin tamu haƙƙin isa ga teku. Irin wannan aiki akan shige shi ne ta jarrabawar ɗaukar ma'aikata ta soja ko jandarma ko 'yan sanda ko duwan, sannan a ƙware daga baya. Akwai cibiyar horo kan tsaron teku a Abijan da ke karɓar jami'an ƙasashen yankin. Za a binciki halinka da abokan hulɗarka kafin a amince maka da sirri, saboda haka tun yanzu ka kula da abin da kake wallafawa a Facebook. Idan kuma Allah Ya ba ka aikin, ka shirya wa ranar da kawu zai tambaye ka abin da ka yi a ofis, kai kuwa ba ka da izinin ce masa komai sai "aiki da godiya".