Amsa ga mai tambaya kan share ƙurar sansar kyamara da buroshi

Wa'alaikumussalam ƙanena. Tun jiya da daddare na ga tambayarka, sabis ɗinmu nan gefen Taura ne sai a hankali. Ka ce tun da ka dawo daga ɗaukar hawan angwanci kake ganin baƙaƙen ɗigo a sararin saman kowane hoto, ka goge lens har ka gaji ba su tafi ba, shi ne kake tambaya ko buroshin kwalliyar mata zai share maka sansar, wato ɗan allon da hoto yake sauka a kai a cikin kyamara.

Kar ka kuskura. Ni na taɓa sawa, labarin yana tafe.

Fara tabbatar da inda ƙurar take tukuna. Ka matse ƙofar haske zuwa f/16 ko f/22, ISO (ma'aunin yadda sansa ke karɓar haske) a 100, ka ɗauki farin bango ko sama da tsakar rana, sannan ka zuƙo hoton. In ɗigon yana nan wuri ɗaya ko da ka sauya lens, to a sansa yake. In kuwa a tagar leƙe kaɗai kake ganinsa, babu shi a hoto, yana kan madubin cikin kyamarar ne ko gilashin da ke samansa, ƙyale shi. Wani abu da ya daɗe yana ruɗa ni: hoto a kife yake sauka kan sansa, don haka ɗigon da ka gani a saman hoto, a ƙasanta za ka neme shi. Kuma abin da muke sharewa ba ita kanta sansar ba ce, wani siririn gilashi ne da ke gabanta. Amma in ya karce, sauya shi ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Buroshi shi ne na uku a layi. Na farko ka bar kyamarar ta kakkaɓe kanta. Kamfanin Olympus suka fara wannan dabara a 2003, Canon suka biyo a 2006 da kyamararsu 400D, yawancin na bayan nan duk suna da ita a cikin menu. Yi sau biyu ko uku. In bai yi ba sai famfon robar nan da ake matsawa da hannu. Ka ɗage madubi ta menu, ka kifa bakin kyamarar ƙasa, ka hura ba tare da bakin famfon ya shiga ciki ba. Ban da hurawa da baki, yawu ne zai bi. Ban da injin masu faci. Batir kuma ya zama cike taf, domin in ya mutu kana ciki, shota, wato labulen da ke gaban sansa, za ta rufe, madubi ya faɗo a kan abin da ke hannunka. Mu da wuta sai an ga dama, wajen mai cajin sola nake kai nawa tun da safe ranar da zan yi wannan aiki.

To ga labarin nawa. Wata shekara ana jibi sallah na ga ɗigo wajen bakwai, ga aikin hawa yana jirana. Na ari buroshin hodar uwargida, na karkaɗe shi a tafin hannu, a ganina ya fita. Sau ɗaya na ja. Ɗigo bakwai suka koma wani dogon shafe daga wannan kusurwa zuwa waccan, kamar an ja yatsa mai man gyaɗa a kan tabarau. Maiƙon hoda ne da na tafin hannuna, ƙila har da man da ke gefen akwatin madubi wanda gashin ya lasa. Dole na hau mota zuwa Kano wajen mai gyara, sallar nan da kyamarar aro na yi ta.

Buroshin sansa daban yake. Gashinsa na nailan ne mai laushi, kuma ba shara yake yi irin ta tsintsiya ba. Za ka hura masa iska da famfon na ɗan lokaci, gashin ya ɗauki cajin lantarki irin na biron da aka goga a kai yake ɗaga guntun takarda, sai ƙurar ta maƙale masa. Akwai mai batir da ke juya kansa, irin su Arctic Butterfly, amma a waje ake juya shi, ba a cikin kyamara ba. Ka ɗora shi a hankali, nauyin gashin kawai, ka ja sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, ka fito, ka sake hura shi kafin ka koma. Yatsa kar ya taɓa gashin, gashin kar ya taɓa bangon ciki. Da ka gama ka mayar da shi gidansa ka rufe. Ƙurarmu da yashi a cikinta, shi ya sa famfo yake riga buroshi, kar ka ja tsakuwa a kan gilashi.

Ɗigon da ya ƙi buroshi ya manne ne, ko mai ne. Wannan sai tsinken gogewa mai faɗin sansar da ruwansa na musamman, in hannunka yana rawa ka kai wa masu yi.

Wuri ma abin dubawa ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu da hazo ya sauka, ɗaki nake shiga in yayyafa ruwa a ƙasa, in rufe taga, in kashe fanka, in jira ƙura ta kwanta. Ban sauya lens a filin sukuwa ko a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, wanda na fito da shi daga gida da shi nake komawa. In ya zama dole, sai na kashe kyamarar, na juya wa iska baya, na kifa bakinta.

In kana da biki a satin nan kuma kayan ba su iso ba, ɗauki hotunanka a f/4 ko lambar da ta fi ta ƙanƙanta, da ƙyar ɗigon zai fito, ragowar ka share a kwamfuta. Turo mini lambar kyamarar taka in faɗa maka inda ake ɗage madubin a menu ɗinta.