Wace fassarar Alƙur'ani ta Turanci ɗana zai ba abokinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ɗana yana karatu a Ingila, kuma wani abokinsa Bature wanda ba Musulmi ba ya roƙe shi fassarar Alƙur'ani da Turanci. Da ya je shagon littattafai sai ya tarar da su iri-iri, har ya rasa wadda zai ɗauka. Wacce ce ta fi dacewa? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya yi wa yaron albarka. Yawan fassarorin ba abin mamaki ba ne, domin kowace fassara fahimtar mai ita ce game da ma'anar ayoyi, kamar yadda muka san fassarar Sheikh Abubakar Gumi a Hausa. Tun 1734 George Sale, wanda Kirista ne, ya fitar da tasa, kuma da ita Turawa suka daɗe suna karanta Alƙur'ani. A 1930 Marmaduke Pickthall, Baturen Ingila da ya musulunta, ya fitar da tasa, inda ya faɗa tun a gabatarwa cewa Alƙur'ani ba ya fassaruwa, ma'anarsa kawai ya yi ƙoƙarin kawowa. Ta Abdullahi Yusuf Ali, wadda ta fara fitowa a Lahore a 1934, ta samu karɓuwa sosai saboda dogon sharhinta, sai dai ita da ta Pickthall duk tsohon Turanci ne mai nauyi ga matashin yau.

Wata da ta yaɗu sosai a masallatai ita ce ta Hilali da Muhsin Khan, da ake bugawa a Madina ana rabawa kyauta. Tana da amfani ga ɗalibi, amma masana da dama sun soke ta saboda tana cusa bayanin tafsiri a cikin baka a tsakiyar aya, har a ƙarshen Fatiha, ta yadda baƙon da bai san Larabci ba, zai kasa rabe maganar Allah da ta mai fassara. Shi ya sa ba na son a fara da ita.

Shawarata ita ce ya sayi ta Farfesa Muhammad Abdel Haleem, ɗan Masar mahaddacin Alƙur'ani, wadda madaba'ar Oxford ta buga a 2004, domin Turancinta mai sauƙi ne, kuma kowace sura tana da gajeriyar gabatarwa. Ki ce masa su fara da Suratu Maryam, su karanta tare.