Wace sabuwar fasaha ce ta cancanci a koye ta da wuri?

Tambaya: Malam, na ɗan tara kuɗi. Abokaina sun ce in yi maza in shiga kwas ɗin NFT (shaidar mallakar hoto ko wani abu na dijital da ake cinikinta a intanet) ko na metabas (duniyar cikin kwamfuta da ake shiga kamar ta gaske) kafin kowa ya farga. Wanne zan fara?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka har yanzu labaran 2021 suke karantawa! A watan Oktoba na shekarar Facebook ya sauya sunan kamfaninsa zuwa Meta don nuna ya karkata ga metabas, kowa ya ruɗe. Kasuwar NFT ta yi tashin gwauron zabi, ta rufto a 2022.

Wannan rawar kai ta "kar a bar ni a baya" tana ƙona mini rai. Na taɓa zama da wani saurayi mai takardun shaidar kwas har uku a wayarsa. Na tura masa kwamfuta, na ce ya jera mini sunaye ɗari bisa haruffa a Excel. Sai gumi ya karyo masa. An karɓe kuɗinsa, an bar shi hannu rabbana.

Kafin ka biya ko sisi, duba wa ke riƙe da fasahar. Flash, wanda a da ake kunna bidiyo da wasanni da shi a shafukan intanet, na kamfanin Adobe ne shi kaɗai. Apple ya ƙi sa shi a iPhone, Adobe ya daina tallafa masa a ƙarshen 2020, masu cin abinci da shi suka koma neman wata sana'a. Python kuwa, yaren rubuta manhajar kwamfuta, tun 1991 yake, ba mallakin wani kamfani ba ne, kuma da shi ake yawancin aikin ƙirƙirarriyar basira yau. Sannan ka leƙa tallan neman ma'aikata: abin da ake biyan albashi a kansa shi ne mai rai. ChatGPT, mai amsa tambayoyi da ƙirƙirarriyar basira, ya fito a Nuwamba 2022, kuma mutane suna komawa gare shi kullum don aikinsu, ba don su sayar wa wani ba. Ƙirƙirarriyar basira za ka dosa, amma ta ƙofar Python da SQL, yaren zaƙulo bayanai daga rumbun ajiyarsu. Awa ɗaya kullum, ka gina ɗan abu naka da hannunka, ka daina tara bidiyon darasi a waya.

Tambaya: In sayi waya mai naɗewa don in riga mutane sanin ta?

Amsa: A'a. Sayen kaya daban, koyo daban.

Tambaya: Ɗaliba ce ni, kwamfutar kwantum (mai aiki da dokokin fiziks na ƙananan ƙwayoyin zarra) tana burge ni. Ya yi wuri?

Amsa: Malama, in kina jin daɗin aljebra da fiziks, bismillah. Qiskit na IBM, kayan aikin rubuta manhajar kwamfutar kwantum, kyauta ne, ki sauke yau.